Don Allah a taimaka min da Hausar CARE Court kafin ƙarfe 5

Mai shirin lafiya: Salam jama'a. Ƙarfe 5 zan shiga situdiyo kuma na maƙale a wani rahoto kan wata kotu da ake kira CARE Court a jihar Kalifoniya ta Amurka. Doka ce gwamna Gavin Newsom ya sa wa hannu a 2022, ta fara aiki Oktoban 2023 a gundumomi 7. In mutum ya kai shekara 18 yana fama da ciwon ƙwaƙwalwar da ake kira psychosis da Turanci, irin su sikizofireniya, dangi ko likita za su iya kai batunsa gaban alƙali a tsara masa magani da masauki na wata 12, ana iya ƙara wasu 12. Me zan kira kotun, me zan kira ciwon?

Ɗan Barnawa: Kotun jinyar dole. Ciwon kuma taɓin hankali, shi kowa ya sani.

Nas: A'a yayana, cire dolen nan. Alƙali zai iya sa magani cikin tsarin amma ba a danne mutum a ɗura masa, kuma ba kulle shi ake ba, a cikin gari yake zaune. Kana cewa jinyar dole mai sauraro gidan mari zai hango da sarƙa a ƙafa. Taɓin hankali kuma ya yi faɗi, har mai ciwon damuwa jefa shi ake a ciki, nan ko ana maganar wanda ke jin muryoyi alhali ba kowa, ko ya kafe ana bin sa za a kashe shi.

Malamin Hausa: Kullum sai kun yi ta kewaye-kewaye kamar Hausa ba ta da kalma. Zautuwa. Ya zautu, zautacce, kotun zautattu. In ma gaskiya ake so ai hauka sunansa hauka, kunyar harshenku kuke ji don Bature ya sake wa abu suna.

Uwar biyu: Malam Allah ya ƙara girma amma ba maganar Bature ba ce. Ƙanina shekara 6 yana shan magani yana ɗinkinsa lafiya lau, ranar da aka ce masa mahaukaci a gidan biki sati 2 ya yi bai ko kalli maganin ba. Mu ma nan Najeriya dokar mahaukata ta 1958 ai an sauya ta a 2023.

Malamin Hausa: Shi ya sa na ce zautuwa baiwar Allah, ba zagi a cikinta.

Ɗan Barnawa: A wajenmu wanda baƙin ciki ya gigita shi ake ce wa ya zautu. Ba duk Hausa ce ta aji ba malam.

Malamin Hausa: Ta ajin ce dai ta riƙe muku harshen.

Mai shirin lafiya: Lokaci ya ƙure. Zan ce jinya bisa umarnin kotu, ciwon kuma taɓin hankali mai sa gane-gane da jin muryoyi.

Malamin Hausa: Wannan bayani ne ba suna ba. Je ka da shi na yau, amma zautuwa ban janye ba.