Yaya ake gane shekarun tsoffin tukwanen tagulla na ƙasar Sin, kuma wa ke ba da kuɗin irin wannan bincike?

Ɗalibar_Tarihi:
Assalamu alaikum malamai. Ina shirya takardar neman tallafi don nazarin tukwanen tagulla na daular Shang da ta Zhou da ke ajiye a gidajen tarihi. Idan tukunya ba daga kabarin da aka tona a hukumance ta fito ba, da me ake sa mata shekaru? Na ga ana cewa gwajin kabon ba ya aiki a kan ƙarfe. Sannan waɗanne cibiyoyi ne ke biyan kuɗin irin wannan aiki?

Malam_Zubi:
Wa alaikumus salam. Gaskiya ne, gwajin kabon sai abin da ya taɓa rai, kamar itace ko ƙashi ko ragowar tabarmar da ta manne wa tukunyar a cikin kabari. Don haka kafin ki je ɗakin gwaji, fara da ido.

Abu na farko shi ne yadda aka zuba ta. Maƙeran Shang ba da kakin zuma suke zubi ba. Suna yin samfuri da yumɓu, su danna masa yumɓu a jiki ya ɗauki zane, su yanka shi gida-gida, su gasa, su harhaɗa a kewaye da wani dunƙulen yumɓu na ciki, sannan su zuba narkakken jan ƙarfe da kuza da darma a ratar da ke tsakani. Wannan hanya tana barin alama. Inda ɓangarorin mazubin suka haɗu akwai siririn layi, kuma zanen yakan ɗan goce a daidai wurin. A tukunyar ding mai ƙafa uku, ki kifa ta ki duba gindinta, sau da yawa layukan suna haɗuwa a tsakanin ƙafafun. Akwai kuma 'yan guntayen tagulla da ake sawa a ratar don kada dunƙulen ciki ya jingina da bango. Suna fitowa a hoton eksire kamar 'yan murabba'ai, launinsu daban. Mai jabun da ya yi amfani da kakin zuma yakan zana layin haɗin da hannu, sai ki ga layin ya tafi sumul amma zanen da ke gefensa bai goce ko kaɗan ba.

Na biyu shi ne siffa da ado, a gwada da abin da aka tono a hukumance. Wurin tono na Erlitou, mafi tsufa, ya ba da ƙoƙunan giya da ake kira jue masu siririn jiki, kusan babu ado. Tukwanen Zhengzhou, na farkon Shang, suna da ɗamarar zane guda. A Anyang, babban birnin Shang na ƙarshe, ne fuskar dodon da ake kira taotie ta fito ɓaro-ɓaro a kan shimfiɗar ƙananan murɗe-murɗe. Masanin tarihin fasaha Max Loehr ya jera wannan cikin salo biyar a 1953, kuma tonon da aka yi daga baya ya tabbatar da jerin gaba ɗayansa, duk da cewa salo biyu kan zauna tare a kabari ɗaya. Kabarin Fu Hao, matar wani sarkin Shang, da aka buɗe a Anyang a 1976, ba ɓarawo ya taɓa shi ba, shi ne ma'aunin da kowa ke komawa gare shi.

Na uku rubutu. Na Shang gajere ne, alamar dangi ko sunan kaka. Na Zhou ta Yamma, wato zangon farko na daular Zhou, yakan yi tsawo, na tukunyar Mao Gong ding ya kusa harafi 500. Tukunyar Li gui, wadda aka samu a Lintong a 1976, ta ambaci ranar da Sarki Wu na Zhou ya ci Shang da yaƙi. Amma ki yi hattara: dillalai sun daɗe suna sassaƙa rubutu a jikin tukunya ta gaske don ƙara mata daraja. Rubutun da aka zuba tare da tukunya gindinsa a daidaice yake kuma tsatsa ta bi cikinsa. Wanda aka sassaƙa yana yanke tsatsar, ana ganin sawun kurfi.

Dakta_Kimiyya:
Malam Zubi ya yi bayani, sai dai ni ba zan dogara da ido har haka ba. Tun zamanin daular Song ake kwaikwayon waɗannan tukwane, kundin tsoffin tukwane da masani Lü Dalin ya rubuta ma na 1092 ne, kuma masu jabun yau sun koyi zubin yumɓu gida-gida.

Idan akwai ragowar dunƙulen yumɓu a cikin ƙafa ko mariƙi, ana yin gwajin TL, wanda ke auna lokacin da yumɓun ya sha wuta na ƙarshe. Ana huda wurin a ƙarƙashin jan haske mara ƙarfi, a zubar da garin farko, a ɗebi wajen miligiram 100. Kuskurensa yakan kai kashi 20 cikin ɗari, wato a tukunya mai shekara 3,000 yana iya gocewa da shekara 600. Zai raba miki tsohuwa da sabuwa, ba zai raba ƙarshen Shang da farkon Zhou ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar hoton eksire kafin a ɗebi yumɓun, domin hasken na iya ƙara masa shekarun da ba nasa ba. A ɗebi yumɓu tukuna. Kuma akan cusa tsohon yumɓu a sabuwar tukunya, ko a liƙa ƙafar gaske a jikin jabu, don haka a ɗiba daga wuri biyu.

Sai tsatsa. Ta asali tana da hawa: ja a jikin ƙarfen, kore ko shuɗi a sama, kuma idan an yanki ɗan ƙwaya an goge an duba a maikroskop, za a ga ta ratsa cikin ƙarfen ta bi tsakanin ƙwayoyinsa. Ta jabu a sama kawai take, wani lokaci da gam aka liƙa, auduga da asiton na iya ɗago ta. Na'urar XRF ta hannu, mai gano irin ƙarafan da ke cikin abu, fatar tukunya kawai take karantawa, kuma jan ƙarfen da ke fatar ya zube cikin ƙasa, sai ta nuna kuza fiye da kima. Kada ki sa wannan adadi a matsayin ainihin haɗin ƙarfen. Amma idan ta nuna tutiya da yawa, to maganar Shang ta ƙare, domin maƙeran Shang ba sa haɗa tutiya a tagullarsu. Gwajin aisotop na darma, mai bambanta irin darmar, kuma yana da amfani, domin tagullar Shang da yawa na ɗauke da wata irin darma ta musamman da ta yi ƙaranci bayan farkon Zhou.

Malam_Zubi:
Na yarda, Dakta. Sai dai gidajen tarihi da yawa ba sa barin a huda musu kaya, don haka ta tambaya tun kafin ta rubuta gwajin a kasafinta.

Hajiya_Tallafi:
'Yata, kan batun kuɗi: akwai shirin nazarin ƙasar Sin na Gidauniyar Henry Luce da ACLS (majalisar ƙungiyoyin masana ta Amurka), akwai Gidauniyar Chiang Ching-kuo da ke Taipei, da Cibiyar Tang ta Jami'ar Columbia. Gidan tarihin Metropolitan na New York da gidan Freer na Smithsonian a Washington suna ɗaukar masu bincike na wa'adi, kuma Freer ɗin ne ya buga nazarin masanin sinadarai Gettens kan kimiyyar waɗannan tukwane a 1969. Kowanne da sharaɗinsa kan matakin karatu da jami'ar da kike, ki karanta da kyau kafin ki ɓata lokaci.

Abin da ke kayar da takarda shi ne faɗin tambaya. "Tagullar Shang da Zhou" shekaru ne fiye da dubu. Ki zaɓi siffa ɗaya, misali gui, wato kwanon abinci, na farkon Zhou ta Yamma, ki faɗi guda nawa, a wane gida suke, da lambar rajistarsu. Ki haɗa wasiƙar mai kula da kayan da ke cewa an yarda ki taɓa su, da kuma wasiƙar ɗakin gwajin mai ɗauke da farashin kowane samfur. Kuɗin izinin buga hotuna shi aka fi mantawa.

Sannan asalin kayan. Yarjejeniyar UNESCO ta 1970 ita ce iyakar da gidajen tarihi da mujallu da yawa ke bi, kuma a dokar Sin duk abin da ke binne a ƙasa na gwamnati ne. Tukunyar da ta ɓullo a kasuwa bayan 1970 ba takardar fita, ki cire ta daga jerinki, ko ki bayyana a sakin layi na farko dalilin da ya sa take ciki.