Neman shawara: ina zan kai iyali su ga kayan tarihi a karkara, mu je mu dawo a yini ɗaya?

Baban Hafsa ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina zaune a Kano da iyalina, kuma ina so in yi amfani da hutun makaranta mai zuwa in fitar da yara bayan gari su ga wani abu na tarihi da idonsu. Mun riga mun je Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, mun kuma leƙa marinar Ƙofar Mata, amma duk waɗannan a cikin birni suke. Abin da nake nema yanzu shi ne ƙaramin wuri a karkara, irin wanda mutanen garin da kansu suke kula da shi saboda kishin tarihinsu ba don albashi ba, inda yaro zai ga dutsen niƙa da mazari da zuga-zugin maƙeri, ya kuma sami dattijon da zai zauna ya yi masa bayani a tsanake.

Babbar 'yata tana ƙaramar sakandare, autan kuwa bai daɗe da shiga firamare ba, sannan mahaifiyata za ta bi mu, ita kuma ba ta jure doguwar tafiyar ƙasa. Wane wuri kuke ganin ya dace da mu? Kuma idan mai kula da wurin ba ma'aikaci ba ne, me ya kamata a ba shi, ta wace hanya, don kada a ci masa fuska?

Ɗan Daurama ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya ba da ladan wannan niyya. Tunda akwai Hajiya a tafiyar, ni Daura zan ce ku nufa, ku bi ta Kazaure. Idan kun yi sammako za ku isa da hantsi, ku kuma dawo gida kafin magariba. Rijiyar Kusugu tana cikin gari, an gina mata ɗaki an killace ta, saboda haka babu hawan dutse, babu ratsa gona. Masu kula da wurin 'yan garin ne, kuma su ne za su ba yara labarin Bayajidda tun daga saukarsa gidan tsohuwa Ayana, da roƙon ruwan da ya yi aka ce masa ba a ɗiba sai ranar Juma'a saboda macijin da ake kira Sarki, har zuwa kashe macijin da aurensa da Daurama. 'Yarku ta riga ta karanta wannan a makaranta, amma gani ya kori ji: daban ne ta leƙa ta ga ruwan a ƙasa, a zura guga a jawo a miƙa mata ta kurɓa. A nan bakin rijiyar sai ku sa ta lissafo muku Hausa Bakwai, ku ji ko za ta tuna da Rano da Biram, domin su ne yara suka fi mantawa.

Shawara ɗaya kawai: kada ku sa tafiyar a lokacin Sallar Gani, cikin watan Rabi'ul Awwal. Hawan yana da kyau ƙwarai, amma cunkoson ba na mai tafe da dattijuwa da ƙaramin yaro ba ne.

Malamin Tarihi ya amsa:

Ban ƙi ta Ɗan Daurama ba, sai dai Daura gari ne babba mai fada da sarki, alhali Baban Hafsa karkara ya tambaya. Ya kuma kyautu a gaya wa yara cewa labarin Bayajidda labarin kaka da kakanni ne da aka riƙe da baki, masana kuma sun daɗe suna muhawara a kan abin da yake nufi. Faɗin hakan bai rage masa daraja ba.

Ni Birnin Kudu ta jihar Jigawa zan ba da shawara, ta hanyar Wudil, wadda ita ma tafiyar yini ɗaya ce daga Kano. A duwatsun da ke kewaye da garin, musamman Dutsen Habude da Dutsen Mesa, akwai zane-zanen shanu waɗanda mutanen zamanin dauri suka yi da jan launi a jikin kogo. Abin da nake sa ɗalibaina su lura da shi shi ne bayan shanun: ba su da tozo. Yaron da ya saba ganin farar saniyar Fulani da tozonta a hanyar kasuwa, idan ya tsaya ya ƙura wa wannan zane ido, shi da kansa zai yi tambayar da ta kamata, wato waɗanne irin shanu ne waɗannan, ina suka tafi, kuma su wa suka yi kiwonsu. Tambayar nan ta fi duk wata lacca da zan yi masa a aji. Akwai kuma duwatsun da idan aka ƙwanƙwasa su da ƙaramin dutse suke ba da amo kamar ƙararrawa, har za ku ga gurbin da bugu ya lotsa a jikinsu saboda daɗewa ana yi. Bernard Fagg, Baturen nan da ya yi aikin tonon tsoffin kayan tarihi na Nok ya kuma kafa gidan tarihi na Jos a 1952, ya yi rubutu a kansu a shekarun 1950. Ina tabbatar muku autanku ba zai so barin wurin ba.

Gaskiyar da zan ƙara ita ce wurin yana ƙarƙashin hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, don haka ba na 'yan sa-kai zalla ba ne, ko da yake 'yan garin ne suke rakiya su kuma san kowane lungu. Ku ja wa yara kunne tun a mota kada su shafa zanen da hannu, kada a watsa masa ruwa wai don ya fito a hoto, kada kuma kowa ya rubuta sunansa da gawayi. Hajiya kuwa sai a shimfiɗa mata tabarma a inuwa, domin akwai ɗan hawa.

Maman Sadiƙ ta amsa:

Malamai sun yi bayanin wurare, ni kuma bari in taɓo abin da uwa take dubawa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, sanyi ya fara amma hazo bai yi kauri ba, domin da damina dutse yana santsi kuma ciyawa tana rufe hanya, da bazara kuwa kafin azahar yara sun galabaita. Ku tafi da ruwa mai yawa da abincinku a kula, da buta da darduma, kada ku dogara da cewa za ku sami wurin cin abinci ko makewayi mai kyau a kusa. Ku kuma nemi wanda zai sanar da zuwanku tun kafin ranar. Mun taɓa zuwa wani wuri muka tarar mai riƙe da makulli ya tafi cin kasuwar wani ƙauye, kuma ba mu ga laifinsa ba, tunda ba wanda yake biyansa ya zauna jiran baƙi.

Game da dutsen niƙa da mazari da kuka ambata, Malam, a ganina ba sai kun nemo gini mai allo a ƙofa ba. Idan kun biya ta kowane ƙauye a hanyarku, kuka fara gaida dagaci ko mai unguwa kuka faɗi abin da ya kawo ku, zai haɗa ku da yaron da zai kai ku maƙera, ku ga ana zuga wuta ana ƙera lauje, ya kai ku gidan da har yanzu akwai rumbu da akushi da tandu. Kuma mafi gwanintar mai bayani tana cikin motarku. Ku miƙa wa Hajiya mazari da auduga a gaban jikokinta ku gani ko hannunta ya manta kaɗi. Na san ba zai manta ba, kuma daga nan labari zai ɓarke wanda ku kanku ba ku taɓa ji ba.

Batun tukuici kuma, kada ku tambayi dattijo nawa ne kuɗinsa, kada kuma ku ƙirga a gaban jama'a. Ku naɗe abin da ya sawwaƙa ku ba shi a gefe lokacin sallama, ku ce ga na goro. Idan akwai kuɗin shiga na hukuma, wannan daban ne, ku biya ku karɓi rasit, sannan ku sallami wanda ya raka ku.

Baƙo a Landan ya amsa:

Irin wurin da Baban Hafsa ya siffanta akwai shi da yawa a nan Ingila, kuma mun kai yaranmu ɗaya daga ciki, wato Chiltern Open Air Museum, kusa da ƙauyen Chalfont St Giles a arewa maso yammacin Landan. 'Yan sa-kai ne suka kafa shi a 1976, aka buɗe wa jama'a a 1981. Aikinsu shi ne idan za a rushe wani tsohon gini na talakawa, sai su kwance shi itace bayan itace, su sa wa kowane guntu lamba, su kai filinsu su sake tayar da shi yadda yake. Yanzu akwai gine-gine sama da 30, har da rumbunan manoma da maƙera da ɗakin karɓar kuɗin hanya da ƙaramin coci na kwano. Yawancin waɗanda za ka tarar suna bayani tsofaffi ne da suka yi ritaya, wani tsohon kafinta, wata tsohuwar malamar makaranta, suna zuwa a ranakun da suka ɗaukar wa kansu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina ba ginin ba ne, rajistarsu ce. Kowane abu an rubuta daga ina ya fito, wa ya bayar, me ake yi da shi. A gida muna da dattawan da suka fi waɗannan sanin kayan, muna kuma da al'adar aikin gayya, amma akushi ko takobin da ba a rubuta asalinsa ba, da zarar mai shi ya rasu sai magada su sayar wa dillalai ko gara ta cinye. Ƙungiyar ci gaban gari za ta iya farawa da ɗaki ɗaya a makarantar firamare, da littafi mai kauri, da mutum biyu amintattu masu riƙe makulli. Idan kun je ƙauyen da Maman Sadiƙ ta ce, ku ba 'yarku littafi da biro ta rubuta sunan kowane abu da na mai shi, in ya yarda.

Baban Hafsa ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa Hajiya amsoshinku, ta ce ita Kusugu take son gani, yara kuma tun da suka ji labarin dutse mai amo ba su bar ni na huta ba. Mun tsayar da cewa Daura za mu fara zuwa bayan kaka in Allah ya kai mu, mu tsaya a wani ƙauye a hanyar Kazaure kamar yadda Maman Sadiƙ ta ce, Birnin Kudu kuma ni da yaran kaɗai a wani hutun. Malamin Tarihi, idan mun tashi zuwa, ofishin hukumar za mu fara nema a cikin gari, ko kuwa fadar hakimi ya kamata mu fara kai gaisuwa?