Waɗanda suka taɓa koyon kunfu da jikinsu, wanne ne ya yi muku rana?

Baban Hanif

Assalamu alaikum 'yan uwa. Makon jiya wasu samari uku suka tare Hanif a lungu yana dawowa daga islamiyyar dare, suka karɓe masa waya. Alhamdu lillahi ko ƙwarzane babu a jikinsa, amma tun ranar ya bi ya ishe ni sai na sa shi a makarantar kunfu. Ni kuwa iyakar sanina da kunfu shi ne finafinan 'yan Chana da muka kalla muna yara, mu fito daga gidan kallo muna tsalle muna dukan iska. Da na bincika sai na ga sunaye rututu: Wing Chun, Shaolin, Taiji, Sanda. Don Allah wanda ya taɓa yin ɗaya daga ciki ya faɗa mini abin da ya gani. Ban da "an ce".

Alhajin Kwantena

Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, ya tsare gaba. Shekara biyu na yi ina koyon Wing Chun lokacin da nake zaune a Guangzhou ina haɗa kaya. Malaminmu mutumin Foshan ne, garin su Ip Man wanda ya koyar da Bruce Lee a Hong Kong, ka ga ɗan gado ne, ba haye ya yi ba. Wata uku na farko ba abin da muke yi sai tsayuwa, gwiwoyi a karkace ciki, ƙafa ba ta motsi, hannu kaɗai ke tafiya a hankali. Daga nan aka kai mu chi sao: ku jingina damatsanku da na juna kuna juyawa, har ka iya jin inda mutum zai kai hannu tun bai kai ba, ko idonka a rufe. Sai kuma gungumen katakon nan mai hannu uku da ƙafa ɗaya, wanda ya mayar mini da dantse kamar taɓarya.

Na fara jin kaina. Ranar nan wani abokin cinikina ya zo da ɗan yayarsa, yaro siriri, shekararsa ɗaya tak yana Sanda. Aka ce mu sa safar dambe mu ɗan taɓa. Ina tsaye ina jira ya kawo hannu in manne masa, shi kuwa ya ƙi matsowa. Daga nesa ya riƙa zabga mini ƙauri a cinya, wuri ɗaya. A na huɗu ƙafar ta ce ba da ita ba. Kwana uku ina sallah a zaune.

Amma ba zan ci amanar malamina ba. An taɓa cin kwalata a kasuwa kan rigimar kaya, wuri a matse, ƙirji da ƙirji. Kafin in yi tunani hannuna ya ture nasa ya danne gwiwar hannunsa, mutane suka shiga tsakani. A irin wannan matsi abin yana aiki. Matsalar ita ce mai faɗa da kai ba ya tambayarka a wane nisa kake so a yi.

Ɗalibin Wuhan

Alhaji, sannu da cinya. Baba, kada sunan ya ruɗe ka, Sandar nan ba ta makiyayi ba ce. Da na gaya wa Inna a waya cewa na shiga 'yan Sanda, sai ta yi shiru, can ta ce, "To likitancin fa?"

Shekara uku na yi a kulob ɗin jami'armu. Abu uku ne a ciki: naushi, shuri, da kayarwa. Ana gasar a kan dandamali mai faɗin mita 8 kowane gefe, tsayinsa santimita 80, kuma babu igiya, in aka turo ka ka faɗo sau biyu ka rasa wannan turmin. Turmi uku ake yi, kowanne minti biyu. Abin da suka fi gwaninta a kai shi ne cafe ƙafa. Ka kai shuri, a riƙe ƙafar, a share ɗayar, sai ka ji ka a ƙasa kana kallon rufi.

Satina na biyu aka haɓo mini hanci. Abin da ban taɓa sani ba sai ranar shi ne, in aka naushe ka a fuska da gaske, duk abin da ka haddace guduwa yake yi. Idonka ya rufe da kansa, ka juya baya. Sai da na yi wata wajen huɗu kafin in iya shan naushi idona a buɗe. A ganina wannan shi ne duk bambancin. Mu kullum ana dukanmu muna ramawa, da mutumin da ba ya son ya ba mu haɗin kai. Zhang Weili da ta ci kambin gasar faɗa ta UFC a Shenzhen a 2019 cikin daƙiƙa 42, ta Sanda ta biyo.

Sau ɗaya abin ya fita waje. Wani mashayi ya tare ni da dare kusa da tashar jirgin ƙasa yana zage-zage, ya kawo duka. Ban rama ba, baƙo ba ya son maganar hukuma. Na kauce, na tokare shi da tafin ƙafa a ciki, ya zauna daɓas, na yi gaba. Abin da na fi gode wa shi ne jikina bai yi rawa ba.

Jikan Mahauta

Ni ɗan dambe ne, gidanmu gidan fawa. Duk wanda bai taɓa jin zare a haɓarsa ba rawa yake yi. Ku nemi bidiyon Xu Xiaodong, mai gwabzawa irin ta zamani, da wani malamin Taiji mai suna Wei Lei a Chengdu, 2017. Ko rabin minti ba a yi ba aka yi kisa, wato Wei Lei ya sha ƙasa. Sai Ma Baoguo, shi ma malamin Taiji, a 2020, sau uku yana shan ƙasa cikin daƙiƙa 30. Magana ta ƙare.

Uwar Biyu

Ɗan nan, ba ta ƙare ba. Waɗannan biyun bakinsu ne ya ja musu, su suka ce za su iya. Ni shekara huɗu na yi a Beijing maigida yana karatu, kuma kusan kullum bayan asuba ina filin shaƙatawa da tsofaffin unguwa. Taiji mai motsi 24 muke yi, wanda hukuma ta tsara a 1956 musamman don lafiyar jama'a. Ba wadda ta taɓa ce mini na faɗa ne. Na je da ciwon baya tun haihuwar 'yan biyu, na dawo ina daka ina wanki.

Abu ɗaya dai ya ba ni mamaki. Akwai wasan ture-ture da suke yi, tuishou. Wata tsohuwa da ba ta kai kafaɗata ba ta ce in ture ta. Na tattara ƙarfi na tura, sai na ji kamar na jingina da labule, na tafi taga-taga. Ta yi ta dariya. Akwai ilimi a ciki. Amma Baban Hanif, in don ɓarayin waya ne, ba nan za ka kai shi ba. Kai dai da kanka ka zo, na ga alamar shekaru sun fara ja.

Malam Na Dengfeng

Hajiya ta yi gaskiya. Ni kuma wata uku na yi a ɗaya daga makarantun da suka kewaye gidan ibadar Shaolin a lardin Henan. Shi gidan tun shekarar 495 yake, amma makarantun kasuwa ce ta zamani, yara dubbai cikin kaya iri ɗaya. Ƙarfe biyar da rabi na asuba gudu, sannan miƙa jijiya har ka yi hawaye. A can ma sun raba abin gida biyu: masu taolu, wato jerin motsin da ake haddacewa a yi shi don alƙalai su ba da maki, da kuma masu Sanda. Ko a wurin cin abinci za ka gane su. Masu taolu jiki lumui, masu Sanda hanci a karkace.

Masu ɗora tsinin mashi a maƙogwaro da fasa ƙarfe a ka kuwa, kallonsu nake yi kamar 'yan taurinmu ranar hawan sallah. Akwai horo, akwai kuma dabarar wasa.

Abin da ya fi zauna mini shi ne tafiyar da na yi Cangzhou a lardin Hebei. Da yawa ba mu san Musulmin Sin, 'yan ƙabilar Hui, suna da hannu dumu-dumu a wannan harka ba. Salon da ake kira Bajiquan a Mengcun ya yi ƙarfi, yankin Musulmi ne. Chaquan ma nasu ne, kuma Wang Ziping, wanda ya rasu a 1973, ɗan Cangzhou ne, gwanin faɗa kuma maɗori. Bajiquan ba shi da ado: gwiwar hannu, kafaɗa, da buga ƙafa a ƙasa. Huo Diange, dogarin Puyi sarkin Sin na ƙarshe, Bajiquan ɗin ya koya. Bayan la'asar wani dattijo mai farar hula ya ce in tsaya da kyau, ya matso taku ɗaya ya sa mini kafaɗa a ƙirji. Bango ne ya tare ni. Sai dai ban ga ɗalibansa suna sa safa suna gwabzawa ba, don haka ba zan ce ga yadda za su kwashe da yaron da ya gurgunta Alhaji ba.

Ɗan Maraɗi

Ba wanda ya ambaci shuai jiao, kokowar Sinawa. A Tianjin na yi ta lokacin karatu. Riga suke sawa mai kauri mai gajeren hannu, ita ake kamawa, kuma da wani abu ban da tafin ƙafarka ya taɓa ƙasa an ci ka. Ni da na tashi cikin kokowa tun ina yaro ban sha wuya ba, rigar ce kawai ta ruɗe ni da farko. Faɗan titi mafi yawa da cakumar riga yake farawa, kuma ƙasan siminti ne, ba yashi ba. Wanda ya iya tsayuwa da ƙafarsa, ya kuma iya faɗuwa bai bugu a ka ba, ya ci rabi.

Mai Tabo

Na karanta duka. Shekara huɗu na yi ina kunfu a nan gida, har da su kambi na kulob. Daren da aka tare ni su biyu ne. Na gyara tsayuwa yadda aka koya mini, na tare hannun na farko, har na ji daɗi. Ban ga wuƙar na biyun ba sam. Ji na yi kamar an zuba mini ruwan ɗumi a gefen ciki. Ɗinki 11, kwana tara a gadon asibiti, kuma wayar dai ta tafi.

A aji mun yi darasin ƙwace wuƙa ya fi a ƙirga, da wuƙar roba, mai kawo sukan yana kawowa sau ɗaya ya tsaya yana jira. A lungu ba mai tsayawa. Baban Hanif, yaronka ya fi ni dabara da ya miƙa musu. Faɗan da ya fi ƙarfinka mayar da shi wasa. Ka sa shi ya koya don jiki da nutsuwa, amma ka zaunar da shi ya karanta wannan tukuna.

Baban Hanif

Subhanallah. Allah ya ƙara lafiya, ɗan uwa. Na ba shi ya karanta, ya yi tsit.

Jiya muka zaga wurare biyu. Na farko yara kusan arba'in a sahu cikin kaya masu sheƙi suna naushin iska suna ihu, Hanif har ya fara murmushi. Na biyun wani ɗaki ne a bayan filin ƙwallo, safar dambe duk ta yayyage, malamin ya ce shi Sanda da dambe na Turawa yake haɗawa, kuma ba ya barin sabon yaro ya gwabza sai ya yi wata biyu yana gudu da tsallen igiya. Muna tsaye aka kayar da wani yaro, ya tashi yana dariya. Na biyun na zaɓa. Saura mahaifiyarsa, ta ce haƙoran ɗanta. Ɗalibin Wuhan, robar bakin nan da kuke sawa, kowacce aka samu ta yi?

Ɗalibin Wuhan

Baba, ka sayi wadda ake tsomawa a ruwan zafi. In ta yi laushi sai ya sa a haƙoran sama ya cije, ya danna da yatsa, sannan a jefa ta a ruwan sanyi ta kama siffar bakinsa. Kada ya yi aro, kada ya ba da aro. A gaishe da Umma, a ce mata nawa 32 suna nan cif, hancin ne dai ya ɗan kalli gabas.