Zan kai Hajiya Santambul a Disamba: yaya za mu raba kwanakin?

Baban Walida, Kubwa:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san Santambul. In Allah ya yarda tsakiyar Disamba za mu tashi daga nan Abuja, ni da maiɗakina da mahaifiyata, biza ta riga ta fito. Za mu sauka Alhamis, mu juyo Talata da dare. Hajiya ta haura saba'in kuma tana fama da gwiwa. Burinta uku ne: ta ga kayan Manzon Allah (SAW) da ke fadar Topkapi, ta ziyarci kabarin Abu Ayyubal Ansari, ta yi Juma'a a babban masallaci. Maiɗakin kuma sarin dogayen riguna da mayafai take so. Ga yadda na tsara: Juma'a masallaci, Asabar yawon ruwa, Lahadi babbar kasuwa, Litinin sari, Talata Topkapi kafin mu wuce filin jirgi. Wace unguwa ya kamata mu sauka? Kuma tasi za mu riƙa ɗauka ko akwai abin da ya fi?

Alhaji Garba, Wuse:

Wa alaikumus salam Baban Walida, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Tsarin nan naka wuri biyu zai kā da kai. Fadar Topkapi a rufe take duk ranar Talata, babbar kasuwar nan mai rufi ta Kapalicarshi kuma ba ta ci ranar Lahadi. Ka musanya su. Kasuwa da sari ranar Asabar da Litinin, Topkapi ranar Lahadi da zarar an buɗe ƙofa. Talata ka bar ta fili don ɗaure kaya.

Maganar masauki, ka nemi otal da bai wuce tafiyar minti biyar daga layin taram (jirgin ƙasa mai bin titi) na T1 ba, tsakanin Laleli da Sirkeci. Wannan layin shi ne ƙashin bayan tsohon gari: Aksaray, Laleli, Beyazit inda ƙofar kasuwa take, Sultanahmet, Gulhane, Sirkeci, Eminonu bakin ruwa, sannan ya haye gadar Galata zuwa Kabatash. Kada ka yarda da taswira kaɗai. A kan tuddai aka gina garin, otal zai nuna maka mita 300 daga tasha amma duk hawa ne a kan titin da aka shimfiɗa da duwatsu. Ka rubuta musu ka tambayi abu biyu kafin ka biya: akwai lif, kuma mota tana isa bakin ƙofa? Tsofaffin gidajen da aka mayar otal a gangaren bayan Sultanahmet da yawa ba su da ko ɗaya.

Akwai tarko a layin nan. Za ka ga tasha mai suna Topkapi, to ba fadar ba ce. Wannan can bakin tsohuwar ganuwar gari take, nesa da fadar sosai. Mai zuwa fada Sultanahmet zai sauka ko Gulhane. Don Hajiya ku sauka Sultanahmet, domin daga Gulhane hawa ne.

Kowa ya sayi katin Istanbulkart nasa a na'urorin da ke bakin tasha, ku zuba masa kuɗi. Shi ne na taram, na metro, na bas, na jirgin fito, har da jirgin Marmaray da ke bi ta ƙarƙashin teku tun 2013, wanda daga Sirkeci zuwa Uskudar a ɓangaren Asiya minti huɗu ne. Ku guji taram daga biyar zuwa bakwai na yamma, cinkoso ne na gaske, kuma a nan 'yan sane suke kiwo.

Daga filin jirgi akwai metro na M11, yana da arha da sauri, amma ban ba ka shawararsa da tsohuwa da akwatuna ba, don canjin layi a Gayrettepe doguwar tafiya ce a ƙarƙashin ƙasa. Ku hau bas ɗin Havaist mai zuwa Aksaray, ko ku ɗauki tasi daga layin hukuma na bakin ƙofar fita. Filin jirgin kansa faɗi gare shi, ka nemi keken guragu a tikitin Hajiya aƙalla kwana biyu kafin tafiya, zuwa da dawowa.

Malam Nasiru, Gwarimpa:

Alhaji Garba ya gama da hanya, bari in taɓa ɓangaren ziyara.

A Topkapi ku wuce kai tsaye zuwa fili na uku, can ɗakin Amanonin Alfarma yake. Kada ku fara da ɗakunan girki da tangaran da ke fili na biyu, ƙafar Hajiya za ta ƙare kafin ta ga abin da ya kawo ta, layi kuma yana tsawo da hantsi. Mafi yawan kayan sun zo ne bayan Sarki Salim na Ɗaya na Daular Usmaniyya ta Turkawa ya ci Masar a 1517. Akwai takubba da baka da wasiƙa da gashin gemu da ake jinginawa ga Annabi (SAW), da takubban Sahabbai, da tsofaffin makullan Ka'aba. Ka shirya mata zuciya tun daga gida: alkyabbar Annabi (SAW) da aka fi ambata tana cikin akwatin zinare a wani ɗaki da ake hangowa, akwatin ake gani ba ita kanta ba. An hana ɗaukar hoto, kuma akwai mai karatun Alƙur'ani a zaune a wurin. Sashen matan sarki duk lunguna ne da matakala, in gwiwa ta fara magana ku bar shi.

Juma'a kuwa, masallatai uku ne a gabanku. Aya Sofiya an gama ta a 537 a matsayin coci zamanin Sarki Justiniyan, ta zama masallaci a 1453 da Muhammadu Fatih ya ci garin, aka mayar da ita gidan tarihi a 1934, ta koma masallaci a 2020. Tun Janairun 2024 baƙo mai yawon buɗe ido yana biyan Yuro 25 ya hau bene ta wata ƙofa daban, ta wani gangare mai santsi da ba na tsoho ba ne. Mai salla ta ƙofar masallata yake shiga ƙasa, ba ya biya, sai dai ya zo lokacin salla. Masallacin Sultan Ahmet mai hasumiya 6 yana fuskantarta, tsallaka fili ne kawai. Amma a ganina na Sulaimaniyya, wanda shahararren magini Sinan ya gina tsakanin 1550 da 1557, ya fi dacewa da Juma'ar tsohuwa: harabarsa da faɗi, 'yan kallo ba su kai na can ba, daga bayansa kuma ana hango ruwa da gari gaba ɗaya. Ku zo masa ta sama, ta Beyazit ko Vezneciler. Wanda ya tunkare shi daga Eminonu zai sha hawa. Wurin mata a ranar Juma'a ƙarami ne, don matan Turkawa ba su cika fitowa Juma'a ba, ku isa da awa guda. A Disamba azahar tana shiga wajen ƙarfe ɗaya da 'yan mintuna.

Turkawa Hanafawa ne, kada ka ruɗe. Huɗuba da Turkanci ake yi, kafinta mutane suna nafila raka'a huɗu, bayan sallama kuma za ka ga sahu ya miƙe ana ta nafilfili, daga baya ladan ya ja tasbihi da babbar murya. Asuba sai gari ya fara haske suke tayarwa, a lokacin sanyi kuma rana ba ta fitowa sai bayan takwas. Famfunan alwala a waje suke, ruwan kamar ƙanƙara, ku yi alwala a otal. Takalmi a leda ake sa shi a shiga da shi.

Eyub Sultan, inda kabarin Abu Ayyuba yake, yana can ƙuryar Halic, reshen teku da ya shigo cikin gari, taram na T5 daga Eminonu yana ajiye mutum kusa, kuma filin shimfiɗe yake babu hawa. Abu Ayyuba, wanda Manzon Allah (SAW) ya sauka gidansa a Madina, ya rasu ne a bakin ganuwar garin a yaƙin zamanin Mu'awiya. An gina masallacin farko na wurin a 1458, a nan sarakunan Usmaniyya suke rataya takobin sarauta. Juma'a da safiyar Lahadi ba masaka tsinke. Ku je Litinin da hantsi.

Maman Sadiq, Lugbe:

Sannunku da ƙoƙari. Yaya Baban Walida, ni sanyin nan ne ban ji kowa ya kama ba. Ba irin hunturunmu ba ne mai bushewa. Ruwa ne da iska daga teku, ma'aunin zafi yana yawo tsakanin 4 da 10, wani lokaci har da dusar ƙanƙara. Atamfa da mayafi ba za su riƙe Hajiya ba. A sama mata wando da riga masu kama jiki na ciki, safa mai kauri, jaket mai hana ruwa, da takalmi rufaffe mai ƙasan roba, don marmara da duwatsun titi in sun jiƙe zamewa suke. Gara ku sayi jaket ɗin a can ranar da kuka sauka. Magariba kafin shida saura kwata take, duk abin da za a gani a waje a gama shi kafin huɗu da rabi.

Abinci ba matsalar halal, matsalar yaji ce. Ku tafi da yajinku. Ku nemi ƙananan gidajen abincin 'yan kasuwa da suke kira lokanta, inda abinci yake jere a bayan gilashi kana nunawa da yatsa. Miyar adas mai zafi da burodi tana karɓar cikin tsoho, haka wake da shinkafa da ake sayarwa a gaban Sulaimaniyya. Ayran nono ne da gishiri, ba sukari, a faɗa mata kafin ta kurɓa. Ku bar ƙumbar da ake cusa wa shinkafa ana tallanta a titi. Ruwan gora za ku sha. A gidajen kifin ƙarƙashin gadar Galata kada a kawo komai sai an auna kifin a gabanku an faɗi kuɗi, da yawansu kuma suna sayar da giya.

Ga 'yar'uwata mai sari: Kapalicarshi wurin kallo ne da tsaraba, shaguna kusan 4,000, amma farashin baƙi ne. Sari yana Laleli da Merter da Osmanbey, dogayen riguna da mayafai kuma titin Fevzi Pasha a unguwar Fatih. A shagon sari ba a zare riga ɗaya, jeri ake ɗauka, launi guda daga ƙaramin sayis zuwa babba. Ɗinkinsu ya fi namu tsukewa, ki nemi shagunan manyan sayis, ki tafi da tef. Ki buɗe kowace leda ki ƙirga kafin a ɗaure, ki karɓi rasit mai sunan shago. Za a ba ki shayi a ɗan kofin gilashi, ki karɓa ki sha, al'adarsu ce kuma bai wajabta miki saye ba.

Injiniya Bello, Asokoro:

Ban yarda a sa yawon ruwa a rana tsayayya ba. Akwai iskar kudu maso yamma da suke kira lodos, in ta taso a lokacin sanyi ana dakatar da jiragen fito. Ku duba sama da safe, ranar da ta yi kyau ku tafi. Kuma ba sai kun biya masu tare mutane a Eminonu da tallan yawon Bosforus, mashigin ruwan da ya raba Turai da Asiya, ba. Jirgin gari daga Eminonu zuwa Uskudar ko Kadikoy da katin nan naku ake shiga, wajen minti ashirin ne, cikinsa da ɗumi, ana sayar da shayi, kuma daga ruwa ake ganin ƙubbobi da hasumiyoyin tsohon gari a jere. Mai son doguwar tafiya har kusa da Baƙin Teku ya sayi tikitin Shehir Hatlari, kamfanin jiragen fito na gari, zuwa Anadolu Kavagi, amma wuni take ci.

Kuɗi: ba mai canza naira. Ku riƙe sababbin takardun dala ɗari, tsofaffin 'yan canji da yawa suna ƙin karɓa. A filin jirgi ku canza na mota kawai, sauran a shagunan canji na Laleli ko kewayen kasuwa. A tasi ka tabbatar an kunna mita, ko ka kira ta manhajar BiTaksi. In za ka biya ka ɗaga takardar ka faɗi adadinta, don akwai masu sauya takardar lira 200 da ta lira 20 su ce kai ka yi kuskure. Mai goge takalmi ya yar da buroshi a gabanka, ka wuce abinka. Wanda ya tare ka wajen dandalin Taksim da fara'a yana gayyatarka shan wani abu, ka ba shi haƙuri.

Fasfo ya kasance a jikinku kullum, 'yan sanda suna tsayar da baƙi a Aksaray da Fatih. Soket ɗinsu mai ƙafa biyu zagayayyu ne, cajarmu mai ƙafa uku ba ta shiga, ku sayi adafta. Agogonsu yana gaban namu da awa biyu. Kada a yi wasa da sunan Ataturk, wanda ya kafa Jamhuriyar Turkiyya, ko hotonsa, doka ce mai kai mutum kotu. Tsohon tsabar kuɗi ko gutsuren dutsen kufai kuma kada ya shiga jaka, fitar da kayan tarihi laifi ne babba.

Baban Walida, Kubwa:

Allah ya saka da alheri, na gyara tsarin. Saura ɗaya: kayan sarin mu taho da su a jirgi ko a aiko?

Maman Sadiq, Lugbe:

In sun wuce awon tikitinku, kuɗin ƙarin kaya a filin jirgi zai cinye ribar. A Laleli da Aksaray akwai ofisoshin kago masu aikowa Najeriya da kilo. Ku kai musu Litinin da yamma, a auna a gabanku, a rubuta suna da lambar waya a kowane buhu, ku ɗauki hotonsa da na rasit. Ku tambaya a fili ko kuɗin ya haɗa da na kwastan, kuma a ina za a karɓa, Legas ko Kano ko Abuja, don in a Legas aka sauke, kuɗin motar kawowa nan a kanku yake. Ranar Talata ku bar otal awa biyar kafin tashin jirgi, hanyar filin tana cushewa da yamma.