Me ya haɗa kifi da kaska?

Ɗan Bunkure: Jama'a, ku raba mu gardama. Ƙanena mai karatun aikin gona yana kwatanta damo da wata fumfuna da ke cin alkama a ƙarƙashin dusar ƙanƙara a Kanada da Rasha. Na ce masa me ya haɗa kifi da kaska? Wai na ajiye karin maganar inda ba wurinta ba.

Inna ta Ringim: Gaskiyarka, ɗana. Kifi na ruwa, kaska na jikin saniya, kuma kifi ba shi da fatar da za ta liƙe. Damo dabba ne mai jini, waccan ko ƙafa ba ta da ita.

Malamin Kura: Inna, a gafarce ni, amma yaron bai yi shirme ba. Damo idan rani ya yi, rami yake shigewa ya yi watanni kusan ba ci, yana rayuwa da kitsen da ya tara da damina. Fumfunar nan ma haka take, sai dai a juye. Lokacin zafi tana kwance cikin ƙasa a dunƙule, ƙananan ƙwayoyi masu tauri. Sai ƙanƙara ta lulluɓe alkamar da aka shuka da kaka ta farka, ta ci ganyen a ɓoye. Ranar da ƙanƙara ta narke manomi ya tarar da tabo-tabo a gona, shuka ta mutu. Kowannensu jiran lokacinsa yake. Ba a banza ake ce wa damo sarkin haƙuri ba.

Inna ta Ringim: To ai kama da wane ba ta wane, Malam. Haƙurin damo bai ɓata wa kowa gona ba.

Mai Alkama, Kadawa: Ni wajen amfanin nake ja. A nan mun fi faɗin karin maganar idan aka jingina mutum da abin da ba ruwansa, misali a ce an ga liman a gidan caca. Kore alaƙa take yi. Yaron kuwa bai ce akwai dangantaka ba, hali ya kwatanta. Da guza ya haɗa da damo ba wanda zai tanka, don 'yan'uwa ne, har da ƙaton nan na tsibirin Komodo a Indonesiya da ke kai mita 3.

Ɗan Bunkure: To kenan ta faɗi?

Mai Alkama, Kadawa: Ta faɗi a kan kwatancen, amma ta zauna daram a kan gonarmu. Alkamarmu da ruwan Tiga take tashi cikin hunturu, ba ta taɓa ganin ƙanƙara ba. Ka ce masa ya zo ya duba mana burtuntunar dawa tukuna.

Inna ta Ringim: Burtuntuna kam ya zo, akwai aiki.