Fulin ƙasan injin Corolla 2005 yana rawa: zan iya canza shi a gida?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum. Corolla ce ƙirar 2005, inji 1.8, otomatik. Da safe bel yana ƙara, kuma idan na leƙa ta ƙasa inji na aiki sai in ga babban fulin da ke kan karanshaf, wato faifan da ke jan bel a bakin sandar da inji ke juyawa, yana layi kamar tayar keken da ta karkace. Robar da ke tsakiyarsa duk ta tsattsage. Ina da jak, da akwatin soket, da dogon ƙarfen kwance taya. Don Allah masana, aikin nan zai yiwu a gida? Abin da ya fi damuna shi ne babban bol ɗin tsakiya, an ce ba ya kwantuwa ta daɗi.

Mai Sifana:
Wa alaikumus salam Malam. Zai yiwu, amma ka fara tabbatar da mai laifin kafin ka kashe kuɗi. Fulin nan gida biyu ne: cibiyar ƙarfe da ke zaune a kan karanshaf, da zoben waje da bel yake hawa, roba ce ta haɗa su don ta sha girgizar inji. Ka samu alli ko farin fenti ka ja layi ɗaya daga cibiya ya ratsa robar har zoben. Tayar da mota, kunna AC, ba ta wuta na minti biyar, ka kashe ka duba. Idan layin ya rabu biyu, zoben yana sulɓewa, fuli ya gama. Idan layin yana nan, ka duba ajastan bel, wato abin da ke ɗame bel ɗin, don shi ma a wannan injin yana yawan yin irin wannan ƙarar.

Kada ka ja lokaci. A 1ZZ, wato injin da ke cikin motarka, bel ɗaya ne yake jan altanato, famfon ruwa, famfon sitiyari da AC. Ranar da zoben ya fita, caji ya tsaya, sitiyari ya yi tauri, inji ya yi zafi, duka a lokaci guda.

Ga yadda aikin yake. Ɗaga mota ta gaba ɓangaren dama, ka ɗora ta a kan ƙafar ƙarfe ko kututture mai ƙwari, ba jak kaɗai ba, domin za ka yi ta jijjiga motar da ƙarfi. Cire taya da soket 21, ka cire robar da ta rufe gefen inji, sai ga fuli yana kallonka. Ɗauki hoton yadda bel ya zagaya. Sa soket 19 a kan ɗan tudun da ke jikin ajasta ka matsa ta ɓangaren da agogo ke juyawa, sannu a hankali, sai bel ya saki. Tudun nan alminiyon ne, ka sa soket mai kusurwa shida ya zauna sosai, in ba haka ba zai side ko ya karye.

Bol ɗin tsakiya shi ma 19 ne, kuma zarensa na yau da kullum ne, hagu ake kwance shi. Matsalar ita ce inji yana bin hannunka ya juya. Mai giyar hannu sai ya sa giya ta biyar wani ya taka birki. Taka otomatik ce, wannan dabarar ba za ta yi ba. Abin da ya fi tsafta shi ne ka riƙe fulin kansa: ka kai wa mai walda falan ƙarfe mai kauri, tsawon kamu biyu, ya huda shi daidai da ramukan da ke fuskar cibiyar, ya bar gurbin soket a tsakiya. Ka ɗaure shi a fuli, ɗaya bakin ya tokare ƙasa, ka zura bututu a mariƙin soket ka danna. Wannan ƙarfen za ka sake buƙatarsa wajen ɗaurewa.

Ɗan Panteka:
Oga Mai Sifana ya faɗi gaskiya, amma a gareji da yawa da kik ake kwance bol ɗin. Cire fiyus ɗin EFI, wato na tsarin ba inji mai, ka zare wayoyin koyil huɗun nan don kada inji ya tashi. Sa soket da dogon mariƙi, mariƙin ya kalli gaban mota ya kwanta a kan katako a ƙasa. Kowa ya matsa, ka taɓa makulli sau ɗaya ka saki, ƙiftawar ido. Injin Corolla dama yake juyawa idan kana kallon fuli, don haka shi da kansa zai kwance bol ɗin.

Sai dai a kula, ba kowace mota ba ce. Tsofaffin Honda irin Baby Boy mai silinda huɗu hagu injinsu ke juyawa, idan ka yi musu haka ƙara ɗaure bol ɗin za ka yi, ko ka karya soket.

Mai Sifana:
Haka ne ɗan'uwa, tana aiki, amma ni ba zan ba wanda bai saba ba wannan shawarar. Soket ya goce, ƙarfe ya tashi ya fasa lagireto ko ƙafar mutum. Sannan kik yana kwancewa ne kawai, ba ya ɗaurewa, kuma a wajen ɗaurewar ne ake kashe inji.

Injiniya Tudun Wada:
Bari in ɗora daga inda bol ya fita. Sau da yawa fulin yana zaruwa da hannu idan ka jijjiga shi. Idan ya ƙi, fesa man kwance tsatsa, ka sa abin zare fuli irin wanda ake ɗaurawa a ramukan cibiya, ka mayar da bol ɗin zare uku ko huɗu ya zama matokari don kada ka ɓata zaren cikin karanshaf. Kada ka sa mai ƙugiya uku a zoben waje, zoben kawai zai biyo ka. Guduma kuwa haramun, dukan yana tafiya har kan metal ɗin da ke hana karanshaf motsi gaba da baya. Kuma kada ka tokare sukundireba da murfin cen, wato murfin sarƙar taimin da ke bayan fuli, alminiyon ne, yana tsagewa.

Da fuli ya fita, haska fitila a wuri biyu. Na farko ɗan ƙaramin ƙarfen da ke kwance a tsagin karanshaf, wanda ake kira ki. Ya kasance gefensa a miƙe, ba ya motsi a gurbinsa. Idan ka ga jan garin tsatsa a wurin, alama ce fuli ya daɗe yana rawa a kansa. Na biyu oyil sil, wato zoben robar da ke hana mai yoyo ta bakin karanshaf. Baƙin man da yake yoyo daga nan shi ne yake jiƙa robar fuli ta kumbura ta ruɓe, saboda haka canza shi yanzu tunda hanya a buɗe take. Ɓanɓaro tsohon a hankali kada ka karce karanshaf, shafa ɗan giris a leɓen sabon, ka tura shi da faffaɗan soket har ya yi daidai da fuskar murfin, ba tare da ya karkace ba.

Wajen saye, je da tsohon a hannu, ko Ƙofar Ruwa ko Panteka. Jera su: faɗi ɗaya, layin bel shida, tsagin ki da alamar taimin a wuri ɗaya. Idan na Beljiyam ne, danna robar da farce. In ta bushe ta yi tauri ko tana da tsaga, shekarunsa ɗaya da naka, bar shi. Duba kuma wuyan da sil yake hawa, idan ya yi kwari zai yi yoyo ko da sabon sil.

Ɗaurin bol ɗin Nm 138 ne, Nm kuwa ma'aunin ƙarfin ɗauri ne. Wannan bol ɗin ba fuli kaɗai yake riƙewa ba, shi ne ya matse haƙoran cen da faifan da sensa ke karantawa a bayan fuli. Idan ya yi sako-sako, ki zai cinye gurbinsa, taimin ya goce, maganar ta koma canjin karanshaf. Ka ari sifanar auna ɗauri. Idan babu, lissafin shi ne nauyin kilo 14 a ƙarshen mariƙi mai mita ɗaya, ko kilo 28 a rabin mita, kana iya ja da sikelin rataye.

Baban Khalifa:
Na ja layin allin, ya rabu da kusan faɗin yatsa biyu. Allah ya saka da alheri. Bel ɗin fa, in mayar da tsohon?

Injiniya Tudun Wada:
A'a Malam, sa sabo. Fulin da ke rawa ya riga ya cinye gefen bel ɗin, in kuma mai ya taɓa shi zai ci gaba da ƙara. Kafin ka tayar, bi kowane fuli da yatsa ka tabbatar layukan bel sun zauna a gurbinsu, musamman a kan AC da ba a gani sosai daga sama. Mayar da fiyus da wayoyin koyil idan ka cire, ka tayar tun kafin ka mayar da taya ka kalli fulin yana juyawa. Notin taya Nm 103.