Kogon da na zana ya zama gidan haya, ku taimaka mini da gogewarku

Ɗan Bagalam:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Wata bakwai ke nan ina jan wasan labari a fadarmu duk daren Asabar, mu shida, da shayi da ƙwayar nan mai fuska 20 da abokinmu ya kawo daga Yamai. Ga wanda bai san wasan ba: ni ke faɗin duniyar da abin da ke cikinta, kowane ɗan wasa yana riƙe da jarumi guda yana faɗin abin da zai aikata, ƙwaya ta raba gardama. Dokokin Dungeons & Dragons muke bi, wasan da ya fito a Amurka a 1974, amma mun rage su sosai. Ko dala ba ma sakawa, kada wani ya zaci caca ce.

Makon jiya na kai su kogo. Kwana uku ina zane a kaye mai gida-gida, kowane gida mita ɗaya da rabi. Ɗaki, lungu, ɗaki, lungu, har tara, dodo a na ƙarshe. Shayi na biyu bai nuna ba mutum biyu suka koma kan waya. Da muka tashi ƙanena ya ce, "Yaya, wannan ai gidan haya ne, ba kogo ba." Maganar ta tsaya mini a rai domin gaskiya ce. Ban taɓa shiga kogo ba, Maradi kuwa rairayi ne da fadama. Wanda ya taɓa shiga ƙarƙashin ƙasa, ko ya taɓa jan irin wannan zango, ya faɗa mini abin da ya gani.

Ɗan Mai Rijiya, Tibiri:
Wa'alaikumus salam. Ni ma ban shiga kogo ba, amma babana ginin rijiya ne sana'arsa, kuma ina da shekara goma sha biyar aka fara zura ni da igiya. Abin da ya fi tsaya mini a ido shi ne bakin rijiyar. Kana sauka yana kamar tabarma, ya koma kamar faifai, can ƙasa ya zama kamar murfin kwano. Muryar masu riƙe da igiya tana zuwa a kurme, kamar ana magana cikin tulu. Zufa ta jiƙa ka, ba iska ko kaɗan. Abin tsoro kuma ba ya ƙara: ƴar ƙasa ce za ta zubo maka a wuya, siririya, sannan wata. In tsoho ya ji haka ba ya tambaya, sai ya ja igiya sau uku a fid da shi.

Tsohuwar rijiya kuwa, kafin a shiga yasa, baba kan zura fitila tukuna. Akwai muguwar iska mai nauyi da ke kwanciya a ƙasa, ba ta da wari ba ta da launi. In harshen wutar ya ƙanƙance ya mutu, ranar ba mai shiga.

Wannan na ɗauka na kai tebur. A kogona fitila ita ce ke magana. Na farko in ce harshen ya yi ja. In suka ci gaba, in ce ya dawo kamar ƙwayar gero, kuma mai ɗauke da kaya kansa na sarawa. Na uku sai duhu. Ranar da na fara yi, ba dodo ko ɗaya a wurin, amma sun yi rabin awa suna gardamar a ci gaba ko a koma, har wani ya miƙe tsaye yana magana.

Ɗalibar Ilimin Ƙasa:
Yaya Ɗan Bagalam, ina karatu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, kuma ni ke jan wasa a rukuninmu na ƴan mata. Kafin ka ja layi ko ɗaya, tambayi kanka: me ya fafe wannan kogon? Amsar ita za ta yi maka zanen.

Yawancin manyan koguna na duniya ruwa ne ya ci dutsen farar ƙasa, irin wanda ake yin siminti da shi a Malbaza. Ruwan sama yana ɗauko ɗan tsami daga iska da ƙasa, ya bi tsagar dutse yana narkar da ita shekaru dubbai. Saboda haka hanyar takan rabu kamar rassan bishiya, ta matse har sai an yi jan ciki, ta buɗe ta zama fili, ta faɗa rami. Kogon Mammoth na Amurka irin wannan ne, abin da aka auna a cikinsa ya haura kilomita 650. Duwatsu irin na Birnin Damagaram kuwa ba sa narkewa haka, kogonsu rata ce tsakanin manyan duwatsun da suka hau juna, gajere, haske na shigowa ta sama. In mutane suka haƙa, za ka ga sawun diga da wurin aje fitila.

Kuskuren da na yi da farko, na ce musu kogon na da sanyi kamar firiji. Can ciki kogo yana riƙe da matsakaicin zafin shekara na yankin da yake, rani da damina kusan ɗaya. A ƙasa irin tamu zai yi ɗumi da danshi. Da na gyara na ce numfashi na yi musu nauyi, tufafi na manne musu, ga warin kashin jemage mai hawa kai, sai wurin ya zama namu.

Kuma ka zana shi ta gefe, kamar ka yanka kankana kana kallon cikinta. Gidan haya ba shi da sama da ƙasa, kogo yana da su.

Alhaji Na Limanci:
Ɗana, ba na wasanku, jikana ne ya nuna mini maganar. Shekarar da na sauke farali na hau Jabalun Nur har Kogon Hira. Hawan ya ci ni fiye da awa, ina hutawa ina shan ruwa. Dab da kogon akwai matsi tsakanin duwatsu biyu, sai na karkata kafaɗa na wuce. Kogon kansa ɗan ƙarami ne, mutum kaɗan yake ɗauka. Duk wahalar tana hanya ne. Ku lura da wannan. Amma ina roƙonku kada ku saka wuri mai alfarma a cikin wasa, ko Hira ko kogon Ashabul Kahfi. Ku ƙirƙiro naku.

Ɗan Bagalam:
Mun ji, Baba Alhaji, ba za mu kusanci wannan ba. Allah ya karɓi ibada.

Mai Ɗinki ta Zariya:
Ina tare da ƙanwata ɗaliba, amma da ɗan gyara. Na taɓa cika kogo da bayanin dutse da danshi, komai daidai, ƴan wasa suka yi ta hamma. Bayani ba ya riƙe mutum in ba shi da zaɓi. Matsalar kogonka, Ɗan Bagalam, hanya ɗaya ce tal, daga ɗaki na farko zuwa na tara. Me za su yanke? Ni yanzu ba na zana kogo sai da baki biyu aƙalla, da hanyar da ke zagayowa ta haɗe da wata. Babban baki yana da masu gadi. Ƙaramin ramin beguwa ne, ba mai gadi, amma sai ka bar garkuwarka a waje kafin ka shige. Nan ake gane halin kowa.

Na biyu, lokaci. Dukanmu mun san Gulbin Maradi: da rani ka taka rairayinsa da ƙafa, da damina ruwa ya taso daga wajen Katsina ko da nan ba a yi ɗigo ba. Kakata ta sha ba mu labarin ambaliyar 1945 da ta cinye tsohon gari har aka hau tudu. To, na yi kogo a gaɓar wani gulbi na ƙage, na ce hadari ya haɗu a kudu. Duk zagayen shayi, ruwa ya hau mataki guda a zanen. Na farko ya kai idon sawu. Na biyu ya rufe ƙaramin baki. Suna kallon buta a kan gawayi suna rage surutu. Wata ta bar akwatin zinariya ta koma ta ɗauko wanda ya karye a ƙafa, kuma har yau ana maganar a rukuninmu.

Mazauna kogon ma ka ba su dalili. Me suke ci, ina suke sha, wa suke tsoro? Nawa ƴan fashi ne a sama, kura da ƴaƴanta a tsakiya, tsohuwar aljana a ƙasa wajen ruwa. Ƴan fashin suna jefa wa kura nama don ta tare musu aljanar. Da ƴan wasa suka kashe kurar, su da kansu suka buɗe wa abin da ke ƙasa hanya.

Na Ɗan Isa:
Na yi aikin ramin zinariya wata huɗu a 2021. Fitila a ɗaure a goshi da roba, igiya, da mutum guda a baki wanda ranka ke hannunsa. Abin da ba na mantawa shi ne ƙarar guduma ta ramin maƙwabta tana zuwa ta cikin bango. Kana jinta kana lissafin kaurin ƙasar da ta rage tsakaninku. Wannan za ka iya sakawa, suna jin bugu ba su san ko wane ne ba.

Amma ruftawa, ka yi hattara da ita. Ranar 7 ga Nuwamba ta 2021 ɗin rami ya rufta a Garin Liman, mutum 18 aka ce sun rasu a ranar. Akwai waɗanda na sani. An taɓa jefo ruftawar kogo a wani tebur da nake zaune, haka kawai da jifan ƙwaya, na tashi na fita waje. Ka tambayi mutanenka tukuna. A yankin nan ba ka san wanda ya rasa ɗan uwa a rami ba.

Ɗan Mai Rijiya, Tibiri:
Allah ya jiƙansu da rahama. Ya ba ka haƙuri, ɗan uwa.

Ɗan Bagalam:
Amin. Na tambaye su kamar yadda ka ce, ashe ɗaya daga cikinmu ɗan kawunsa yana cikin waɗanda abin ya rutsa da su, bai taɓa faɗa mana ba. Na cire ruftawa gaba ɗaya.

Jiya muka buga sabon. Na rage shi zuwa wuri biyar, hawa uku, ruwa ne ya fafe shi. Ana shiga ta tsohuwar rijiya a wani kufai, ko ta tsagar da jemagu ke fitowa da magariba. Suka zaɓi rijiya. Da na ce dole mutum guda ya tsaya a baki ya riƙe igiya, aka yi shiru, kowa na kallon ɗan uwansa. Ƙanena ya ce shi zai tsaya, da sharaɗin in an ja sau uku zai fid da su ko sun samu abin da suka je nema ko ba su samu ba. Wuta ta ɗauke muna tsaka da wasa, muka kunna fitilar waya guda muka aje a tsakiyar tabarma, ba wanda ya ce a tashi. Ba su ma kai ga dodon ba, suna hawa na biyu suna jin bugu ta cikin bango.

Ƙanwata ɗaliba, tambaya ɗaya kafin Asabar: in ruwan da ya fafe kogon yana nan yana gudana a hawa na ƙasa, ta ina ya kamata ya fita? Ina so in sa musu hanya ta uku a wurin.